Kafin Nasirou

Juma'a, 1 ga Nuwamba 2024

Ta kama. Wallahi ta kama.

Tsohuwar ordinatar ce, wato kwamfuta, da muka kwaso shekaranjiya daga ofishin Hajji Mabruk, mai ba mu aiki, a unguwar Hajara. Ya ce mu zubar da ita tare da karyayyun kujeru. Na ɗauke ta a ka zuwa wurin Suhaibu, Bakanon nan mai gyaran waya a bakin kasuwar Jadid. Ya buɗe cikinta, ya hure ƙasa, ya ce, "Dirakta, wannan ai kakar kwamfutoci ce. Ba gyara take so ba, likkafani take so." Ya taɓa nan, ya sauya can, ya jona. Sai ga haske.

Dirakta. Shekara goma sha shida ina ɗora bulo da haƙar rami a Sabha ta Libiya, sunan shugaban makaranta bai bar ni ba. Makarantar ce kawai ta bar ni.

Na dawo ɗaki na buɗe akwatin ƙarfe. Ƙarƙashin takardun shaidar karatuna, waɗanda ko mai ƙosai ba za ta yarda ta naɗe ƙosai da su ba, faifan yana nan. Wasan yaƙin da na yi shekara uku ina bugawa a ofishina na Doutchi bayan an tashi lakwal, wato makaranta. Na kwafe shi, da duk ajiyata, ranar da aka karɓi makullin ofis daga hannuna aka miƙa wa mai kawu a Yamai. Tun lokacin nake yawo da shi kamar laya, ban taɓa samun abin da zan sa shi ba.

Da kiɗan buɗe wasan ya fito, sai da na zauna a ƙasa. Ban san kunnena ya riƙe shi ba.

Lahadi, 3 ga Nuwamba

An kawo wuta bayan la'asar, na buga awa biyu. Ido ya mutu, amma hannu bai manta komai ba.

Suhaibu ya tambaye ni wane irin wasa ne. Na ce masa ba irin na yaran yanzu ba ne, da za a yi ta harbi kamar mahaukata. Soja takwas ake ba ka, ba ƙari. Kana ganin su daga sama kamar tururuwa. Lokaci ba ya jiran ka: kana tunani, abokin gaba yana tafiya. Taswirar duk duhu ce, sai inda mutuminka ya taka take buɗewa. Wanda ya mutu ya mutu. Abu ɗaya ne rahamar wasan, ajiya. Kafin wurin haɗari sai ka ajiye. In abu ya ɓaci, ka koma ajiyar, kowa ya tashi da ransa kamar ba a yi ba.

Ya ce, "Ina ma duniya haka take." Maganar yara.

A wurin aiki mun samu sabon hannu. Salifou, mutumin Illela, tela ne a gida, ya kai shekara talatin da biyar. Kalla, tsohon hannu a cikinmu, shi ya kawo shi. Matarsa Housseina tana dafa shinkafa da wake a tashar masu jiran aiki, ciki ya fito mata. Yanzu mun zama shida. Hannunsa laushi kamar na mai sayar da turare. Zai koya.

Na gaya masa dokarmu tun yau don kada ya ce ba a gaya masa ba: sabon zuwa shi ke fara shiga. Rami ne, rijiya ce, saman bene ne, shi ne gaba, har ranar da wani sabo zai zo ya karɓe shi. Ba ni na kafa ta ba, na same ta. Ni ma na shiga lokacina. Ya ce, "To, Baba." Shi ke nan abin da ya ce.

Juma'a, 8 ga Nuwamba

Inna lillahi.

Yau bayan masallaci na ce bari in bar sabon wasa in buɗe tsofaffin ajiyata na 2005. Na manta sarai cewa wasan yana bari ka sauya wa sojoji suna. Na buɗe, sai ga su a jere a gefen allo. Bachirou, mataimakina a lakwal. Zulkifli mai shayi. Su wane da wane, duk mutanen Doutchi. Na ukunsu, Nasirou.

Nasirou ƙanena. Uwa ɗaya uba ɗaya.

Wannan bai isa ba. Na duba sunayen ajiyar, waɗanda ni na rubuta da hannuna, da Faransancina mai kyau da nake taƙama da shi. Kafin Nasirou. Kafin Nasirou 2. Kafin Nasirou 3. Na yi ta saukowa da linzamin kwamfuta, na ce yanzu za su ƙare. Talatin da ɗaya.

Na buɗe ɗaya. Ga mutane bakwai kwance bayan katangar wata gona, ga gada a gabansu, duhu a hayinta. Ga Nasirou shi kaɗai a tsaye a bakin gadar, yana jiran umarni. Sai dabarar ta dawo mini gaba ɗaya. In ban san inda babbar bindigarsu take ɓoye ba, sai in ajiye, in tura shi da gudu cikin duhun. Su harbe shi, ni kuma in ga inda wutar ta fito. In koma ajiya, in zagaya in kashe mai bindigar. Da shi nake ganin hanya.

Hannuna yana kan linzami, ban san lokacin da na danna ba. Ya ruga. Bai kai tsakiyar gadar ba.

Na cire wayar daga bango.

Asabar, 9 ga Nuwamba

Ban kunna ba. Na rufe ta da zane.

Litinin, 11 ga Nuwamba

Abin da ya fi damuna, yana zaune kusa da ni lokacin da nake yi. Yakan zo ofis da yamma da gyaɗa a aljihu, ya jawo bencin yara. Na tuna dariyarsa. "Yaya, wai kullum ni ne mai mutuwa? Ka tura Bachirou mana, ya fi ni nama." Ni kuma in ce, "Kai ne mai gudu." In koma ajiya in nuna masa, "Ga ka nan ka tashi."

Shekara ɗaya bayan nan aka kore ni. Na zauna wata bakwai ina rubuta takardun koke da ba wanda ya karanta. Sai na kira shi a zaure na ce, ana ta maganar Libiya, ka je ka dubo hanya, in ta yi kyau in biyo ka. Ni ne babba, ni ne mai ilimi, ni ke zana hanya a takarda. Yana da shekara ashirin da shida. Ya ce, "To, Yaya."

Motarsu ta lalace bayan Dirkou. Mutum biyu suka fita da rai, ba shi ciki. Ko kabari babu.

Shekara goma sha takwas ina zagin direba, ina zagin mai kawu a Yamai, ina zagin ƙasar da ta karantar da ni ta yar. Jerin masu laifi na da tsawo, na iya shi kamar karatun sallah. Ban taɓa sa sunana a ciki ba. Sai da wani faifai mai tsatsa ya ƙirga mini.

Wasa ne dai. Wasa ne, Kimba, nake gaya wa kaina. Hoton tururuwa a allo.

Hajji Mabruk ya kira da rana. Akwai aiki a gonarsa ta Ghuddwa. Tsohuwar rijiya, injin ruwa ya maƙale a ƙasa, yana son a ɗauro shi a fito da shi kafin ya shuka alkama.

Laraba, 13 ga Nuwamba

Mun je mun ga rijiyar. Tana bayan dabinai, an rufe bakinta da kwanon rufi da tayoyi tun shekarar da aka yi faɗa mutane suka bar gonar. Da muka ɗaga kwanon, wani wari mai nauyi ya taso. Gaba goma sha biyu, in ji Hajji. Na jefa dutse, na ji ya faɗa cikin laka. Ranar Lahadi za a shiga.

Kalla ya dafa kafaɗar Salifou yana dariya. "Tela, ga angoncinka. Ka ɗinko wando biyu, ɗaya zai lalace." Kowa ya yi dariya, har da shi Salifou, irin dariyar da ba ta wuce haƙora. Na ga ya leƙa sau ɗaya ya ja baya.

Da muka dawo Jadid na tsaya cin abinci wurin Housseina. Ta ƙara mini wake ba tare da na ce ba. Ta durƙusa da cikinta ta ce, "Baba, ya ce mini rijiya ce. Ko bishiya bai taɓa hawa ba. Amanarsa tana hannunka." Na ce amana tana hannun Allah. Ta ce, "Haka ne, Baba. Amma igiyar kai za ka riƙe."

Bakin mata. Wa ya tambaye ta.

Doka doka ce. In na karya ta saboda tela, gobe Kalla zai tambaye ni ina nake lokacin da shi ya shiga tasa. Kuma yana da gaskiya.

Juma'a, 15 ga Nuwamba

Ban san yadda zan rubuta wannan ba.

Suhaibu ya biyo ni daga masallaci, wai sai ya ga wasan da ya sa tsoho ya rame. Na cire zanen. Na buɗe ajiyar gada, na ce yau zan ƙetare ba tare da na tura kowa ba. Na gwada sau huɗu. Na tafi da su gaba ɗaya, aka share su gaba ɗaya. Na bi ta kogi, aka gan mu. Na ce masa ka gani, dole sai an ba da ɗaya, haka aka gina wasan, haka kuma aka gina duniya. Har na fara yi masa darasi.

Yana cin dabino, bai ma saurare ni ba. Ya nuna allo da ƙwallon dabinon. "Dirakta, wannan ɗan abin da ke jakar Bachirou fa? Mai ido biyu?"

Na ce tarkace ne. Ya ce in danna.

Madubin hangen nesa ne.

Na kwantar da Bachirou a kan tudu, na ba shi madubin. Ba abin da ya faru. Na ce ka gani. Suhaibu ya ce, "Ka jira mana, kai da gaggawa kamar mai zawo." Muka jira, kamar minti ɗaya. Sai duhun hayin gada ya fara yayewa a hankali, a hankali. Ga buhunan ƙasa. Ga babbar bindigar. Ga mutum biyu a bayanta, ɗaya ma yana shan taba.

Yana cikin jakar tun ranar farko. Shekara uku ina buga wasan nan, ina ganin kaina janar. Ban taɓa danna shi ba, don tura mutum ya fi sauri. Minti ɗaya. Sau talatin da ɗaya na kashe ƙanena saboda ba zan iya jiran minti ɗaya ba.

Suhaibu yana ta murna, "Na fi Dirakta! A rubuta, Bakano ya fi Dirakta!" Da ya kalli fuskata sai ya tattara ƙwallayen dabinonsa ya ce zai je shago.

Asabar, 16 ga Nuwamba

Darasin kimiyya, aji shida, zango na biyu. Kyandir a ƙarƙashin kofin gilashi. Nakan sa yara su ƙirga har wutar ta mutu, in rubuta a allo: inda wuta ba ta rayuwa, mutum ba ya rayuwa. Shekara goma sha tara ina koyar da shi. Har maki nake ragewa wanda ya manta.

Masu haƙar rijiya na garinmu, da ba su taɓa shiga lakwal ba, da fitila suke fara saukarwa. Na sani. Na sani tun ina yaro. A nan ba ma yi, don muna da sabon zuwa.

Na sayi kyandir biyu a shagon Bagane. Na ɓoye su a aljihu kamar na sato.

Lahadi, 17 ga Nuwamba

Bari in rubuta tun ban manta ba.

Mun isa Ghuddwa da hantsi. Aka kafa ƙarafa uku da kurar jan igiya a bakin rijiya. Kalla ya ɗaura wa Salifou igiya a ƙugu da cinyoyi, yana tsokanar sa. Salifou ya cire takalmi ya jera su a gindin dabino, ya ɗora wayarsa a kai. Ya ce da ni, "Baba, in ta kira ka ce ina aiki." Leɓensa yana motsi, yana karanta abin da ya sawwaƙa. Ya zauna a baki, ƙafafunsa suna reto a ciki.

Na ce a dakata.

Hajji yana cikin mota da na'urar sanyi, ya sauke gilashi. "Yalla ya Kimba, rana tana yi!" Kalla ya ce, "Dirakta, me kuma?" Na fito da kyandir, na ɗiga shi a gindin bokiti, na kunna. Dariya ta tashi. Wani ya ce Dirakta zai yi wa aljanun rijiya maulidi. Kalla ya ce, "Ko bikin haihuwar injin ne?" Kunya ta kama ni, wallahi har na so in hure shi. Tsoho da furfura yana wasa da kyandir da rana tsaka.

Na saukar da bokitin da siririyar igiya, ina ƙirga gaba. Ɗaya, biyu, uku, yana ci. Biyar, yana ci. Na ji Kalla yana cewa a bar ɓata lokaci. Shida, harshen wutar ya gajarce, ya yi shuɗi. Bakwai.

Ya mutu. Ba iska, ba motsi. Kamar an sa yatsa an danne.

Na jawo, na ce wataƙila laifin kyandir ne. Na kunna na biyun. Wannan karon ba mai dariya, kawuna shida a bakin rijiya. Gaba bakwai, wuri ɗaya, ya mutu.

Saura gaba biyar kafin ƙasa. Da mun sauke shi, da ya yi shiru a gaba bakwai, mu kuma mu ci gaba da sakin igiya muna cewa tela ya iya aiki, ko ƙorafi ba ya yi.

Salifou ya janye ƙafafunsa daga bakin rijiyar a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Ya so ya kwance igiyar, yatsunsa suka ƙi. Ni na kwance masa. Sai ya juya ya yi amai a gindin dabino, kusa da takalmansa.

Hajji ya fito daga mota, ya kalli bokitin, ya ce la ilaha illallah, ya koma ya zauna bai rufe ƙofa ba.

Wayar ta yi ƙara a kan takalmi. Ba wanda ya iya ɗauka.

Litinin, 18 ga Nuwamba

Hajji ya kawo injin hura iska da dogon tiyo. Kwana biyu za a yi ana hurawa.

Kalla bai yi mini magana ba sai da muka zauna cin abinci. Bai ɗago kai ba ya ce, "Dirakta, dama ka san wannan abin?" Na ce na sani. "Tun yaushe?" Na ce tun kafin a haife ka. Ya ajiye burodinsa. "Rijiya huɗu na shiga a hannunka. Ta garin Samnu har jiri na ji, ka ce yunwa ce."

Na buɗe baki in ce doka na samu. Ban ce ba. Ya tashi ya koma inuwar mota.

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Laraba, 20 ga Nuwamba

Kyandir ya kai ƙasa yana ci. Sau uku muka gwada, na sa aka bar shi a can minti goma.

Salifou ya miƙe ya ɗauki igiya da kansa, fuskarsa kamar toka. Na karɓe. Na ce injin nan ƙulli na musamman yake so, tela bai iya ba, zai ɓata mana aiki. Kalla ya dube ni ya ce, "Shekararka sittin da ɗaya." Na ce na iya lissafi, ni na koyar da shi.

Ya ɗaura mini igiyar. Ya ja kowane ƙulli sau biyu, da ƙarfi fiye da yadda ake bukata. Shi ya riƙe bakin igiyar, bai bar wa kowa ba.

Ban taɓa sanin haka abin yake ba. Na shiga rijiyoyi a shekarar da na zo, amma na manta, ko na sa kaina na manta. Sama tana ƙanƙancewa har ta koma kamar faranti. Kawunan mutane a gefenta ƙanana, baƙaƙe. Haka ashe ake ganin mai ba da umarni daga ƙasa. A gaba bakwai na kira sunan Allah, na kira wani suna kuma.

Kyandir yana ci a kan laka kusa da ƙafata. Na ɗaure injin. Aka jawo ni, aka jawo shi.

Bayana kamar an yi mini duka da taɓarya.

Juma'a, 22 ga Nuwamba

Housseina ta aiko da kwano har ɗaki, da nama a kai. Na mayar da kwanon na ce a gaya mata gishiri ya yi yawa. Na cinye dai.

Kalla ya kawo wani sabo jiya, mutumin Tanout. Ya ce, "Dirakta, a gaya masa doka?" Na ce a gaya masa ya riƙa zuwa da kyandir da ashana, sauran sai mun gani. Ba wai na soke komai ba ne. Sabbin zuwan yanzu ba su iya aiki ba, shi ke nan.

An kawo wuta bayan la'asar. Na buɗe ajiyar gada. Na daɗe ina kallon sunaye takwas ɗin, sai yau na lura babu nawa a ciki. Duk mutanen Doutchi na zuba a fagen yaƙi, ni ina sama da linzami. Na goge Zulkifli mai shayi, Allah ya ba shi haƙuri, na rubuta Kimba. Ba don komai ba, sunan ya fi gajarta.

Bachirou ya hau tudu da madubi. Na jira. Muka zagaya, muka ƙetare, Kimba a gaba. An harbe shi a kafaɗa a bakin gada, yana tafiya yana ɗingishi, ya rage mana sauri. Hannuna ya tafi wajen komawa ajiya, na bar shi.

Nasirou yana baya, na shida a layi, yana ɗauke da jakar magani. Ko ƙwarzane babu.

Wasan ya nemi sunan sabuwar ajiya. Na zauna har aka kira magariba ban rubuta ba. Sauran talatin da ɗayan suna nan, ban goge ko ɗaya ba.